Likitan Auschwitz da kotun Landan ta ba diyyar sisin kwabo: gwarzo ne ko mai laifi?

Bashir:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Poland, Wladyslaw Dering, da nake so mu tattauna a kansa, tunda muna da ma'aikatan lafiya da lauyoyi da malamai a nan.

An haife shi a 1903. Yana aikin tiyata da lura da lafiyar mata a Warsaw lokacin da Jamus ta mamaye ƙasarsu a Satumbar 1939. Bai naɗe hannu ba, ya shiga wata rundunar sirri ta 'yan turjiya mai suna Tajna Armia Polska. A 1940 'yan Gestapo, 'yan sandan sirrin Nazi, suka cafke shi, a watan Agusta suka jefa shi sansanin fursunoni na 'yan Nazi a Auschwitz, lokacin sansanin bai fi wata biyu da fara karɓar fursunoni ba. Wata guda bayan haka wani hafsan soja abokin gwagwarmayarsa, Witold Pilecki, ya bari aka kama shi da gangan don ya shiga sansanin ya kafa ƙungiya a ciki, ya riƙa fitar da labarin abin da ake yi. Dering yana cikin mutum biyar na farko da Pilecki ya rantsar. Asibitin fursunoni ya zama mafakar ƙungiyar: a nan ake ɓoye wanda ake nema, a kwantar da wanda aiki ya kusa kashewa da sunan maras lafiya. Shi kansa Pilecki da ciwo ya kayar da shi, Dering ne ya tsaya a kansa har ya miƙe.

To a 1943 kuma wannan likitan ne ya riƙa cire 'ya'yan marainan samari Yahudawa da ƙwan haihuwar 'yan mata, don wani likitan Nazi, Horst Schumann, ya duba ko hasken eksire da ya ƙona su da shi ya kashe musu haihuwa.

Bayan yaƙi ya gudu Ingila. Poland ta nemi a miƙa mata shi, aka tsare shi wata 19 a kurkukun Brixton, aka sake shi a 1948. Ya tafi Hargesa ta Somaliland ya yi aikin asibiti wajen shekara 10 ƙarƙashin Turawan mulki, har aka ba shi lambar girma ta OBE a 1960. Ya kai marubuci Leon Uris ƙara kan ɓata suna a wani littafinsa, aka yi shari'ar a 1964. Kotu ta ce an ɓata masa suna, ta ba shi diyyar sisin kwabo. Ya mutu a 1965.

Me za mu kira wannan mutum?

Dakta Aminu:
Wa alaikumus salam Malam Bashir. Ni dai ba zan yi saurin jifansa ba. Muna zaune a gidajenmu muna danna waya, shi kuwa fursuna ne mai lamba, a wurin da ake rataye mutum don ya yi yunƙurin gudu. Hujjarsa a kotu uku ce, kuma ko wacce tana da nauyi. Ya ce in ya ƙi za a kashe shi. Ya ce in bai yi ba wani kofur na SS, dakarun Nazi masu gadin sansanin, da bai san kan wuƙa ba za a ba aikin. Ya kuma ce gaɓar da aka riga aka ƙona da haske tana iya ruɓewa ko ta rikiɗe ta zama daji, cire ta ya fi barin ta. Ba shi ya ƙona su ba. Schumann ne.

Sista Hadiza:
Likita, da girmanka, hujja ta uku ba ta shige ni ba. In don lafiyar yarinyar aka cire, me ya sa ake saka abin da aka cire a kwalba a kai wa Schumann ya duba? Kai ma ka san bambancin aikin da aka yi don majiyyaci da wanda aka yi don mai bincike.

Kuma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi aikin. A Nuwambar 1943 an kawo 'yan mata 10 'yan Salonika ta Girka, kusan dukkansu ba su kai shekara 20 ba, aka yi musu a zama ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Allurar ƙashin baya aka yi musu. Ga waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin tiyata ba: allurar nan daga cibiya zuwa ƙasa take kashewa, amma idon mutum biyu. Yana jin ƙarar almakashi, yana jin ana jan wani abu a cikinsa, yana ganin hasken fitila a kansa. Mu a wurin aiki, matar da za a ciro wa ɗa, wadda ta sa hannu da kanta kuma mijinta na bakin ƙofa, sai mun tsaya a kanta muna riƙe hannunta muna ce mata sannu, an kusa. To ina ga yarinyar da aka danne da ƙarfi aka lanƙwasa bayanta aka soka mata allura, ba ta jin yaren masu aikin, ba wanda ya gaya mata abin da za a cire?

Wata likita fursuna, Alina Brewda, tana ɗakin tana rarrashinsu. Ta ba da shaida cewa cikin gaggawa aka yi, 'yan mintoci kowacce. Biyu daga cikin yaran sun mutu bayan aikin.

Dakta Aminu:
Sista, sauri a wurin likitan fiɗa ba kullum ne laifi ba. A inda babu jini, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, rage lokacin da ciki yake buɗe taimako ne.

Sista Hadiza:
Na yarda. Amma akwai saurin gwaninta, akwai na ko-in-kula, kuma a wurin ɗinki ake gane su. In ba a ɗaure jijiya da kyau ba, ba a rufe kututturen ba, jini zai yi ta tsiyaya a ciki har mutum ya tafi. Abin da shaidu suka zarge shi da shi ke nan. Mutumin da ya ƙware har fursunoni 'yan ƙasarsa suna yabon hannunsa ba zai ce bai san wannan ba.

Ummi:
Don Allah Barista ka fahimtar da ni. In an tabbatar ya yi, ta yaya kuma ya ci shari'ar? In kuma ya ci, me ya sa sisin kwabo?

Barista Nura:
Ummi, ga yadda abin yake. A littafinsa Exodus, Uris ya saka layi ɗaya da ke cewa Dering ya yi gwajin tiyata 17,000 ba tare da maganin kashe zafi ba. Wannan adadin ba gaskiya ba ne, kuma lauyoyin Uris ba su yi yunƙurin kare adadin ba. An kuma yi amfani da allurar kashe zafi. Saboda haka ta fuskar doka an faɗi abin da ba a iya tabbatarwa a kansa. Abin da Lord Gardiner, lauyan masu kare kai, ya yi shi ne ya ce to ga abin da ya faru na haƙiƙa. Aka ɗauko kundin ɗakin tiyata na gini mai lamba 21 daga gidan tarihin Auschwitz aka kawo Landan. A ciki akwai kwanan wata, lambar fursuna, irin aikin da aka yi, da sunan likita, da yawa da rubutun hannun Dering. Ayyukan da ake magana a kansu sun haura 100. Sannan waɗanda aka yi wa suka zo da kansu, maza da mata, aka sakaya sunayensu, suka yi bayani ta bakin tafinta.

An yi kwana 18 ana zama a gaban Mai Shari'a Lawton. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ce e, an ɓata masa suna, amma sunan da aka ɓata ƙimarsa ita ce kuɗi mafi ƙanƙanta da ake kashewa a ƙasar. A shari'ar Ingila wannan diyyar wulaƙanci ce. Bugu da ƙari kamfanin da ya wallafa littafin ya riga ya ajiye fam 2 a kotu tun farko, kuma ƙa'ida ita ce in abin da aka ba ka bai kai abin da aka ajiye ba, kai za ka ɗauki kuɗin shari'a daga ranar ajiyar. Sai ya tashi da bashin dubban fam.

Baba Audu:
Mu da muka kashe kuɗin Ingila mun san sisin kwabo. Mai huda ne a tsakiya a nan wajenmu, yaro ake ba ya sayi gyaɗa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Da ya yi shiru da ba wanda zai buɗe wannan kundi.

Kabiru:
Ni fa ina da ja. Littafin nan kowa ya san farfagandar kafa Isra'ila ce, Larabawa ma ba su tsira daga alƙalaminsa ba. Mutumin da ya ƙara 17,000 daga kansa, me zai sa mu yarda da sauran?

Bashir:
Kabiru, ra'ayinka kan littafin daban, kuma ba ni da niyyar kare shi. Amma ba da littafin aka kama Dering ba. Da rubutun hannunsa aka kama shi, da tabon da ke cikin matan. Yaran nan an kwaso su daga Salonika a 1943, cikin mutum sama da 40,000 da aka loda a jiragen ƙasa daga wannan gari kaɗai, yawancinsu aka wuce da su ɗakin gas ranar da suka sauka. Shekara biyar ke nan kafin a kafa Isra'ila. Ba su zalunci kowa ba. In muka bar fushinmu kan abin da ake yi wa Falasɗinawa ya rufe mana ido ga wannan, mun yi abin da muke zargin wasu da shi.

Kabiru:
Ban ce ba a zalunce su ba. Na ce a riƙa tantance adadi. Amma na ji batun kundin.

Malam Sani:
Bari in shigo ta ɓangaren da na fi sani. Likita ya kawo hujjar tilas, kuma addini ya san tilas. Ammar ɗan Yasir an azabtar da shi har ya furta kalmar kafirci, aya ta 106 a Suratun Nahli ta yi rangwame ga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse da imani. Amma malamai sun raba tsakanin abin da ke tsakaninka da Ubangijinka da abin da ya shafi jikin wani. Sun haɗu a kan cewa in aka ce ka kashe wane ko a kashe ka, ba ya halatta ka kashe shi, don ranka bai fi nasa ba. A mazhabarmu ta Malikiyya an haɗa har da yanke gaɓar wani. Dering ba Musulmi ba ne, ba kuma ina yi masa hukunci da fiƙihu ba ne. Ina nuna cewa tambayar tsohuwa ce, kuma an daɗe da gane cewa tsoro yana rage zargi amma ba ya mayar da cutar da wani ta zama halal.

Wanda ya ji tsoro ya aikata, ana tausaya masa, a bar shi da Allah. Abin da ya ba ni mamaki shi ne mutum ya aikata, sannan bayan shekara 20 ya je kotu yana neman a biya shi.

Dakta Aminu:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan. Sai dai har yanzu muna magana kamar ƙin yi abu ne mai yiwuwa. Akwai wani likitan mata Bayahude daga Cologne, Maximilian Samuel, shi ma an sa shi irin wannan aiki, ya yi, kuma duk da haka suka kashe shi. Wurin da wanda ya bi umarni ma bai tsira ba, ina ga wanda ya ƙi?

Sista Hadiza:
Akwai wadda ta ƙi, Likita, kuma ta zo kotun. Adelaide Hautval, likitar ƙwaƙwalwa 'yar Faransa, 'yar wani fasto. Ita ba Bayahudiya ba ce. An kama ta a 1942, a kurkuku ta ga yadda ake wulaƙanta Yahudawa ta yi magana, suka ce tunda kina kare su sai ki bi su, suka liƙa mata ƙyalle mai cewa ƙawar Yahudawa. A Janairun 1943 aka kai ta Auschwitz, aka tura ta gini mai lamba 10 inda ake gwaji a kan mata. Da farko ta taimaka a wasu dube-dube, har ta ba da maganin barci a aikin Samuel. Da ta gane inda aka dosa sai ta ce ba za ta ƙara ba. Babban likitan SS na sansanin, Eduard Wirths, ya tambaye ta ko ba ta ga mutanen nan daban suke da ita ba. Ta ce masa akwai mutane da yawa da suka bambanta da ita, kuma shi ne na farkonsu.

Ba a kashe ta ba. An mayar da ita sansanin Birkenau, daga baya na Ravensbruck, ta rayu har 1988. Alƙali Lawton da kansa ya gaya wa masu yanke hukunci cewa tana cikin mata mafi ƙarfin zuciya da suka taɓa ba da shaida a kotunan ƙasar.

Dakta Aminu:
Na san labarinta, kuma ina girmama ta. Amma lokacin da ta ce a'a ba ta san za ta tsira ba, ta sallama ranta ne. Ba za a mayar da abin da gwarzuwa ɗaya ta yi ya zama ma'aunin da za a hukunta kowa da shi ba. Kuma akwai abin da ba ku duba ba: ita kanta kaɗai take ɗauke da shi. Dering yana ɗauke da ƙungiya. In aka cire shi daga asibitin, mafakar ta rushe, mutane nawa za su tafi?

Bashir:
Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za a kawo masa, Likita, kuma na daɗe ina juya ta. Abin da ya raunana ta a wurina shi ne lissafin lokaci. Pilecki ya tsere daga sansanin a ƙarshen Afrilun 1943, ta gidan burodin da aka kai shi aikin dare. Yawancin ayyukan nan bayan tafiyarsa aka yi su. A lokacin Dering ya zama babba a asibitin, ba sabon fursuna da ake duka a fili ba ne. Sannan a farkon 1944 aka fitar da shi daga Auschwitz, abin da ba kasafai yake faruwa ba, aka kai shi aiki a asibitin Carl Clauberg da ke Konigshutte. Clauberg ɗin nan shi ne ɗayan likitan da ke kashe wa mata haihuwa a gini na 10, ta hanyar ɗura musu sinadari a mahaifa. Wato wanda ya ce don ya tsare mafaka ya yi, ƙarshe ya bar mafakar ya bi mai gwajin.

Ni abin da na fahimta, mutumin 1940 da na 1943 mutum ɗaya ne, kuma dukkan abin da aka faɗa a kansu gaskiya ne. Ya yi kasada da ransa saboda 'yan ƙasarsa. Da aka kawo masa waɗanda bai ɗauka nasa ba, bai yi wannan kasadar ba.

Ummi:
Yaya Bashir, kana nufin ƙin Yahudawa ne ya sa?

Bashir:
Wasu fursunonin da suka zauna da shi sun zarge shi da haka, shi kuma ya musa, kuma akwai waɗanda suka zo kotu suka shaida cewa ya cece su. Zuciyarsa Allah ne ya sani. Abin da ke rubuce shi ne su wa aka kwantar a kan teburin.

Barista Nura:
Ƙarin bayani kan sakinsa a 1948, don kada a ɗauka wanke shi aka yi. Ba a yi masa shari'ar laifin yaƙi ba sam. An kawo wani da aka yi wa irin wannan aiki, ya dube shi ya ce ba shi ne ya yi masa ba, sai gwamnatin Birtaniya ta ce hujjar miƙa shi ba ta isa ba. A tuna kuma Poland ta lokacin tana hannun 'yan gurguzu, kuma a watan Mayun wannan shekarar suka harbe Pilecki bayan shari'ar jeka-na-yi-ka. Saboda haka tsoron da Dering yake yi na komawa gida ba na banza ba ne, ko da ba shi da laifin komai.

Dakta Aminu:
To kun gani. Wanda ya shiga Auschwitz da ƙafarsa don ƙasarsa ma harsashi ya samu. Ni matsayina bai canja duka ba: ban yarda a kira shi ɗan Nazi ba, ban kuma yarda a goge shekarun da ya yi yana ceton mutane ba, har da na Hargesa. Amma maganar Sista kan ɗinki ta zauna mini. Ko an tilasta maka ka yanka, ba wanda ya tilasta maka ka yi aikin banza, ba wanda ya hana ka ce wa yarinya sannu. A nan ba ni da abin kare shi.

Sista Hadiza:
Shi ke nan abin da nake nufi, Likita. Kuma shi ya sa nake faɗa da ɗalibanmu kan takardar amincewa. Suna ɗaukarta kamar wata al'ada ta ofis, a miƙa wa miji ya dangwala a wuce. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 daga shari'ar likitocin Nazi suka fito, kuma na farkonsu shi ne ba a gwaji a jikin mutum sai da yardarsa. Iyalan yaran Kano da aka gwada wa maganin Trovan lokacin sanƙarau na 1996 da waɗannan ƙa'idojin suka kafa hujja a kotun Amurka. Ban ce abu ɗaya ba ne, ko kusa. Ina cewa dai takardar nan tana da tarihi.

Yakubu, Kumasi:
Salamu alaikum, na zo a makare amma na karanta duka. Kuna ta magana kan fursunan da ya riƙe wuƙa, ba wanda ya tambayi ina mai ba da umarnin ya ƙare. Horst Schumann a ƙasarmu ya ɓuya. Kafin Auschwitz ma shi ne likitan da ke kula da kashe marasa lafiyar ƙwaƙwalwa da gas a Grafeneck da Sonnenstein. Bayan yaƙi ya yi shekaru yana aikin likita a Jamus da sunansa na gaskiya. Da aka fara nemansa a 1951 ya tsere, ya yi aiki a jirgin ruwa, ya zauna a Sudan yana riƙe da asibiti, daga nan ya shigo Gana. A Kete Krachi ya yi aiki, garin da Alhaji Umaru ya yi limanci, inda zangon Hausawa yake tun zamanin fataucin goro. Jamus ta Yamma ta nemi a ba ta shi, gwamnatin Nkrumah ta ƙi. Sai da aka yi juyin mulkin 1966 sannan aka miƙa shi.

Baba Audu:
Ikon Allah. Wato iyayenmu na can sun kwanta a gabansa ba su san ko wane ne ba. Yakubu, an dai hukunta shi?

Yakubu, Kumasi:
Ba a yi ba, Baba. An fara shari'arsa a Frankfurt a 1970, aka dakatar a 1971 bisa cewa ba shi da lafiyar tsayawa gaban kotu, hawan jini. A 1972 aka sake shi. Ya ci gaba da zama a Frankfurt har ya mutu a 1983. Clauberg kuma Rasha ta yanke masa shekara 25, ta sako shi a 1955, aka sake kama shi a Jamus, ya mutu a tsare a 1957 kafin a fara sauraron ƙararsa.